Shin sarari yana da saƙa? Inda awo ya kai wajen gwada daidaiton sarari da lokaci

Duk wanda ya auna wani abu a ɗakin gwaji yana dogara ne da wani zato da bai cika furtawa ba, wato in ya juya na'urarsa daga gabas ta fuskanci arewa, ko ya ɗora ta a jirgin da ke tafiya a miƙe ba tare da ƙara gudu ko ragewa ba, dokokin da ke sarrafa abin da yake aunawa ba za su sauya ba. Wannan zato shi ake kira daidaiton Lorentz, da sunan masanin fiziks ɗan ƙasar Holan, Hendrik Lorentz, kuma a kansa Albert Einstein ya gina nazariyyarsa ta 1905. Ma'anarsa ita ce sarari ba ya fifita wata shiyya a kan wata, babu kuma wani yanayi da za a ce shi ne tsayuwa ta haƙiƙa wadda ake auna tafiyar kowa da ita. Saboda haka gudun haske, kilomita 299,792 a daƙiƙa, ɗaya ne ga kowane mai awo. Sai dai mai awo na gaskiya ba ya cewa bambanci babu shi. Iyakar abin da zai iya faɗa shi ne, in ma akwai bambanci, bai kai adadi kaza ba. Wannan adadin shi ne iyakar gwaji, kuma fiye da shekara 130 ke nan ana matse shi.

Akwai wani daidaito na biyu da ke tafe da na Lorentz, wanda ake taƙaitawa da haruffa uku: CPT. Harafin C yana nufin a musanya kowace ƙwaya, wato ɗan mitsitsin abin da aka gina komai da shi, da kishiyarta, kamar ilektiron mai caji na ƙasa da sifili da kishiyarsa fozitiron mai caji na sama da sifili. P yana nufin a juya sarari kamar yadda madubi ke mayar da dama hagu, T kuma a juya tafiyar lokaci baya. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 kusan kowa ya ɗauka cewa kowane ɗaya daga cikin ukun nan doka ce mai zaman kanta. A 1956 Tsung-Dao Lee da Chen Ning Yang suka lura cewa babu wanda ya taɓa gwada P a kan ƙarfin nan mai rauni da ke sa wasu ƙwayoyi narkewa. Chien-Shiung Wu ta ɗauki ƙalubalen, ta sanyaya zarrar kobalt-60 har kusa da ƙarshen sanyi a wani ɗakin gwaji na gwamnatin Amurka a Washinton, kuma a farkon 1957 ta nuna cewa ilektiron ɗin da ke fitowa sun fi karkata ga ɓangare ɗaya. Halitta dai tana bambance dama da hagu. Aka koma aka ce to haɗin C da P shi ne dokar. Sai a 1964 James Cronin da Val Fitch, a cibiyar Brookhaven, suka ga wata ƙwaya mai suna keyon tana narkewa ta hanyar da wannan doka ta haramta, kimanin sau 2 cikin 1,000. Hausawa kan ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Bayan waɗannan faɗuwa biyu babu masanin da ke da hujjar barin CPT ba tare da gwaji ba.

Amma matsayin CPT ya bambanta da na 'yan'uwansa. P da CP zato ne da aka saba da shi. CPT kuwa sakamakon lissafi ne, wanda Gerhart Lüders da Wolfgang Pauli da wasu suka kafa hujjarsa a shekarun 1950. Hujjar ta nuna cewa duk nazariyyar ƙwayoyi da ta kiyaye daidaiton Lorentz, ta kiyaye ƙa'idojin kwantam, wato dokokin da ke sarrafa ƙananan ƙwayoyi, kuma ba ta yarda wani abu ya yi tasiri daga nesa nan take ba, dole ta kiyaye CPT. A 2002 Oscar Greenberg ya nuna cewa a irin waɗannan nazariyyoyi, in CPT ya karye to daidaiton Lorentz ma ya karye. Abin da CPT ke buƙata a bayyane yake: ƙwaya da kishiyarta su kasance da nauyi ɗaya, da tsawon rai ɗaya, da caji mai girma ɗaya amma mai kishiyar alama. Ke nan wanda ya ɗora firoton, ƙwayar da ke cikin cibiyar zarra, da kishiyarsa a sikeli, ginshiƙin Einstein yake gwadawa.

Me zai sa a yi zargin ginshiƙin da bai taɓa motsi ba? Dalili shi ne har yau ba a iya haɗa nazariyyar Einstein ta ƙarfin ja da ke tsakanin taurari da nazariyyar kwantam ba. Lissafi yana nuna inda haɗuwarsu ta zama tilas, wato a tsawon Planck, kimanin mita 1.6 da aka raba da 10³⁵ (lamba ɗaya da sifili 35 a bayanta), ko kuma a kuzarin da ya kai GeV 10¹⁹ (GeV ma'auni ne na kuzari da nauyin ƙwayoyi), alhali nauyin firoton guda bai cika GeV ɗaya ba. Mai kallon zanen saƙi daga nesa zai gan shi sumul, amma in ya matso da shi kusa da ido zai ga zaren tsaye da zaren kwance, zai kuma tarar ya fi sauƙin yagewa ta wata fuska. Mai yiwuwa ne sarari ma yana da irin wannan saƙa a can ƙasa. Babbar na'urar karo da ƙwayoyi ta cibiyar CERN, mai da'irar kilomita 27 a kan iyakar Suwizalan da Faransa, tana kaiwa GeV 13,600 ne kawai, wato saura ninki kusan 10¹⁵ a kai ma'aunin Planck, kuma babu kuɗin da zai cike wannan giɓi. Hanyar da ta rage ita ce a nemi ɗan burbushin da saƙar za ta bari a duniyarmu, wanda in an ƙiyasta shi da rabon nauyin firoton da na Planck zai kai kamar kashi 1 cikin 10¹⁹. Abin mamakin shi ne awo ya kai nan, a wasu wurare ma ya zarce.

Mutumin da ya fi kowa tsara wannan nema shi ne Alan Kostelecký na Jami'ar Indiana. A 1989 shi da Stuart Samuel suka nuna cewa a nazariyyar tsirkiya, wadda ke ɗaukar ƙwayoyi a matsayin 'yan zarurruka masu kaɗawa, daidaiton Lorentz yana iya karyewa da kansa, kamar yadda sandar da aka tsayar a kan tsininta dole ta faɗi ta wata shiyya ko da ba wanda ya tura ta. A 1997 da 1998 shi da Don Colladay suka rubuta duk hanyoyin da za a iya ƙara karyewar daidaito a cikin babban tsarin ƙwayoyi, kowace hanya da nata adadin da za a auna. Ana kiran wannan tsari SME. Amfaninsa ba wai ya yi hasashen karyewa ba ne. Ya bai wa mai agogon zarra da mai hangen taurari da mai tarkon ƙwayoyi harshe ɗaya da za su kwatanta sakamakonsu. Kostelecký da Neil Russell suna tara iyakokin a wani jadawali da ake sabuntawa kowace shekara.

A wannan tsari ana ɗauka cewa akwai wata tsayayyar shiyya a sarari wadda ba ta motsi. Ɗakin gwaji kuwa yana kan duniya, duniya tana juyawa, don haka kowace na'ura tana sauya fuskarta ga wannan shiyya dare da rana. Sirrin yana cikin tsawon juyin. Duniya tana kammala juyi ɗaya dangane da taurari a awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4, ba awa 24 ba, shi ya sa mai lura da Kaza da 'Ya'yanta yake ganin fitowarta tana matsowa da kimanin minti huɗu kowane dare. Zafin rana, da zirga-zirgar ma'aikata, da hawa da saukar wutar lantarki duk suna bin awa 24 ne. Alamar da ta fito daga sarari kuwa za ta bi ranar taurari. Wanda ya tara awo na watanni yana iya raba biyun, kuma wannan tazara ta minti huɗu ita ce ke rarrabe gano sabon abu da ruɗin na'ura.

Gwajin farko na wannan zuri'a shi ne na Albert Michelson da Edward Morley a Cleveland a 1887, inda suka raba haske gida biyu, suka aika kowane rabi ta shiyya daban, suna juya teburin dutse da ke yawo a kan ruwan zaiba. Ba su ga bambancin da ake tsammani ba. Jikokin wannan gwaji a yau suna tsare hasken leza ko igiyar maikurowef a cikin 'yan akwatuna biyu da ke gicciye da juna a kan teburi mai juyawa. A 2009 ƙungiyoyi biyu a Jamus, ɗaya a Balin ɗaya a Düsseldorf, suka nuna cewa gudun haske ba ya bambanta da shiyya har zuwa kashi 1 cikin 10¹⁷, a 2015 kuma aka kai kashi 1 cikin 10¹⁸ da dutsen safaya mai tsananin sanyi. Don a ji nauyin wannan adadi: agogon da kuskurensa ya kai kashi 1 cikin 10¹⁸ ba zai yi kuskuren rabin daƙiƙa ba a duk shekara biliyan 13.8 da aka ƙiyasta wa sararin samaniya. A ɓangaren ilektiron, masana a cibiyar awo ta PTB da ke Braunschweig sun kwatanta agogo biyu na zarrar itabiyam a 2019, suka kai matakin kashi 1 cikin 10²¹. Iyakar da ta fi tsanani a ɗakin gwaji ta fito ne daga juyin niyutiron, ƙwayar cibiyar zarra maras caji, wanda ke jujjuyawa kamar katantanwa: ƙungiyar Michael Romalis a Princeton a 2010, sannan wata ƙungiya ta Jamus da ta haɗa iskar hiliyam-3 da zenon-129 a 2014, sun nuna cewa duk wani ja da sarari zai yi wa wannan juyi bai kai kimanin GeV 1 da aka raba da 10³³ ba. Wannan ya wuce ƙiyasin Planck da ninki mai yawa.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne kwatancin ƙwaya da kishiyarta, domin a nan ne aka fi karanta lambobi a karkace. Keyon maras caji yana rikiɗa ya zama kishiyarsa ya dawo, kuma wannan kai-da-komo yana jin ɗan bambancin nauyi komai ƙanƙantarsa. Daga nan aka samu cewa bambancin nauyin keyon da na kishiyarsa bai kai kashi 1 cikin 10¹⁸ ba, adadin da ake yawan kira gwaji mafi kaifi na CPT. A CERN kuma akwai masana'antar kishiyar ƙwayoyi, inda ake rage wa kishiyar firoton gudu har a kama ta. Ƙungiyar BASE, ƙarƙashin Stefan Ulmer, tana riƙe ƙwaya guda tak a tarkon maganaɗisu da lantarki da aka zuƙe iskarsa, tana ƙirga zagayenta. Ta taɓa adana kishiyar firoton har kwana 405 ba tare da ta taɓa bango ta ɓace ba. A 2022 ta bayyana cewa rabon caji da nauyi na firoton da na kishiyarsa ɗaya ne har zuwa kashi 16 cikin tiriliyan, daidai da a auna nisan duniya da wata a yi kuskuren milimita shida. Ƙungiyar ALPHA ta Jeffrey Hangst ta kama kishiyar zarrar haidirojin a 2010, a 2018 kuma ta nuna cewa launin hasken da take sha daidai yake da na haidirojin na yau da kullum har zuwa kashi 2 cikin tiriliyan. A 2023 ta saki wannan zarra ta ga ƙasa take faɗowa, ba sama ba, ko da yake awon ƙarfin faɗuwar bai yi kaifi ba tukuna.

Mai gaggawa zai ce keyon ya fi kishiyar haidirojin kaifi sau miliyan, tunda 10¹⁸ ya fi tiriliyan, wato 10¹². Wannan kuskure ne. Kashi na cikin wani abu ya dogara da girman abin da aka raba da shi. Nauyin keyon kusan rabin GeV ne, don haka iyakarsa a ma'aunin kuzari ta kama kimanin GeV 4 da aka raba da 10¹⁹. Kuzarin hasken da haidirojin ke sha kuwa ɗan mitsitsi ne, kashi 2 cikin tiriliyan nasa ya kama GeV 2 da aka raba da 10²⁰, wato ya fi na keyon ƙanƙanta. Bayan haka, gwaje-gwajen biyu ba abu ɗaya suke tambaya ba: keyon yana gwada wasu nau'o'in kwak, 'yan ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi shi, haidirojin yana gwada firoton da ilektiron, kuma babu dokar da ta ce in daidaito ya karye dole ya karye ko'ina da girma ɗaya. P ma a ƙarfi mai rauni kaɗai ya karye, shi ya sa aka daɗe ba a gani ba. A ganina duk jerin gwanaye da ke ɗora gwaji ɗaya a kan saura yana ɓatar da mai karatu ne.

Masu hangen sama suna da wata dabara: nisa. In saƙar sarari tana ɗan rage wa haske mai kuzari gudu, jinkirin zai taru a doguwar tafiya. Ranar 10 ga Mayu 2009 tauraron ɗan'adam na Fermi ya ga wata fashewar hasken gama, wato haske mai tsananin kuzari, da ta yi tafiyar kimanin shekara biliyan bakwai, a cikinta akwai ƙwayar haske mai GeV 31 da ta iso cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya tare da masu ƙaramin kuzari. Wannan ya kore mafi sauƙin hasashe, wanda ke cewa jinkiri yana ƙaruwa kai-tsaye da kuzari a ma'aunin Planck. Fashewar 9 ga Oktoba 2022, mafi haske da aka taɓa gani, wadda cibiyar LHAASO da ke tsaunukan Sichuan a ƙasar Sin ta kama, ta ƙara ɗaga iyakar zuwa kimanin ninki goma na kuzarin Planck. Ranar 17 ga Agusta 2017 kuma aka ji girgizar sarari daga karon taurarin niyutiron biyu a nisan shekarar haske miliyan 130, hasken gama ya biyo baya da daƙiƙa 1.7, abin da ya nuna gudun biyun bai bambanta da fiye da 'yan kashi cikin 10¹⁵ ba. Raunin wannan hanya ɗaya ne: ba mu muka kunna fitilar ba. Lokacin da na'urar MAGIC ta tsibirin La Palma ta ga haske mai kuzari daga tarin taurarin Markarian 501 ya makara da kimanin minti huɗu a 2005, ba a iya tantance ko a hanya ya makara ko tun daga tushe ya fito a makare ba.

Sau ɗaya aka yi zaton an kama ɓarawon da kayan a hannu. A Satumba 2011 ƙungiyar OPERA ta sanar cewa niyutirino, wasu ƙwayoyi marasa caji masu ɗan mitsitsin nauyi, da ake harbowa daga CERN zuwa ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, suna isowa nanodaƙiƙa 60 (kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa) kafin lokacin da haske zai iso, kamar rata ta mita 18. Masana da dama ba su gamsu ba tun ranar farko, kuma suna da hujja. A Fabrairu 1987 niyutirino daga tauraron da ya fashe a nisan shekarar haske 168,000 sun iso 'yan awowi kawai kafin a ga haskensa. Da suna da gudun da OPERA ta auna, da sun riga hasken da kusan shekara huɗu. Andrew Cohen da Sheldon Glashow kuma suka lissafa cewa niyutirinon da ya fi haske gudu zai riƙa zubar da kuzarinsa a hanya, abin da ba a gani ba. A Fabrairu 2012 aka gano wayar gilashi mai kai saƙon agogo da ba ta ɗauru sosai ba, da wani agogon cikin na'ura da ke ɗan kuskure, sannan ƙungiyar ICARUS da ke wuri ɗaya ta auna ta tarar gudun ya yi daidai da na haske. Ban ga laifin OPERA wajen fito da abin da ta auna ta nemi a bincika ba. Abin lura shi ne tsofaffin iyakoki ne suka fara nuna akwai matsala, watanni kafin a taɓa wayar.

Tarin iyakokin nan ya jefa masu nazari cikin wani ƙunci. A 2004 John Collins da abokan aikinsa suka nuna cewa in daidaiton Lorentz ya karye a ma'aunin Planck, lissafin kwantam ba zai bar karyewar ta tsaya can ba. Za ta gangaro duniyarmu da girman da zai iya kai kashi ɗaya cikin ɗari, sai fa in akwai wani abu da ke danne ta. Tunda ba a ga ko 1 cikin 10¹⁸ ba, duk mai cewa sarari yana da saƙa sai ya bayyana abin da ke ɓoye ta. Ina ganin wannan ne babban amfanin da gwaje-gwajen suka yi: sun rufe ƙofofi da yawa da a da ake shiga a fita ba tare da an biya komai ba.

Duk da haka shingen bai yi tsayi ɗaya ko'ina ba. Haske da ilektiron da firoton da niyutiron an matse su ƙwarai, niyutirino ma cibiyar IceCube da ke cikin ƙanƙarar ƙurewar kudancin duniya ta matse shi a 2018. Ƙwayoyi masu nauyi da gajeren rai kuwa da sauran aiki. Kwak mafi nauyi, mai kimanin GeV 173, ƙungiyar D0 ta cibiyar Fermilab da ke Amurka ta gwada shi a 2012 zuwa kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai, ƙungiyar CMS ta CERN kuma daga baya ta sauko da shi ƙasa da kashi 1 cikin 100. Tsakanin wannan da iyakar niyutiron akwai tazarar da ta isa ta ɓoye abu mai girma.

A tarkon BASE kuma, abin da ke hana ƙarin kaifi yanzu shi ne zauren da ake samar da ƙwayoyin, domin manyan maganaɗisun da ke rage musu gudu suna girgiza awon. Don haka aka ƙera tarko mai ɗaukuwa, mai nauyin kusan tan ɗaya. A Oktoba 2024 aka zuba masa firoton na yau da kullum don gwaji, aka ɗora shi a babbar mota, aka zagaya da shi harabar CERN aka dawo ba tare da an rasa ƙwayoyin ba. Manufar ita ce a riƙa kai kishiyar firoton wani ɗakin gwaji mai natsuwa a Jami'ar Heinrich Heine da ke Düsseldorf, inda ake fatan kaifin awon zai ninka aƙalla sau 100.